Kalmar "piebald": me take nufi, daga ina ta fito, kuma wace dabba ake kira da ita?

Habiba: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimako a kan kalmar Turanci "piebald". Ta fito a wata takardar kiwo da ake son juyawa zuwa Hausa, inda aka ce shanu masu irin wannan launi sun fi saurin ƙonewar rana. Ƙamus ɗin waya ya ba da "mai ɗigo-ɗigo". In sa haka nan, ko akwai gyara?

Malam Bala: Wa alaikumus salam Malama Habiba. Kada ki sa ɗigo-ɗigo, zai ɓatar da mai karatu. Ɗigo ƙaramin abu ne, irin na jikin zabo. Dabbar da ake kira piebald manyan faci ne a jikinta, fari da baƙi, kowane faci da nasa fasali, babu tsari babu maimaici. Wani facin zai rufe kafaɗa gaba ɗaya, wani ya tsaya a cinya kawai. Saniyar madara ta Turai da ake gani a hoto, wato Holstein, ita ce misalin da ya fi kusa da hannu. A Hausa dabbare-dabbare ya fi dacewa, amma ki ƙara da "na fari da baƙi" don ma'anar ta cika. Furucinta kuwa "pai-bold", ana ƙarfafa gaɓar farko. Sifa ce, amma masu dawaki kan mayar da ita suna, su ce "a piebald" suna nufin dokin kansa.

Isyaku: Malam, ni abin da ya ɗaure min kai shi ne haɗin kalmar. Pie abinci ne, bald kuma mai sanƙo. Me ya haɗa abinci da sanƙo da launin doki?

Malam Bala: Babu ɗaya daga cikin biyun da kake tunani, Isyaku. Pie ɗin nan tsuntsu ne. Akwai tsuntsun Turai baƙi da fari mai dogon bindi, ɗan gidan su hankaka, wanda yau ake kira magpie. Asalin sunansa a Turanci pie ne kawai, an aro shi daga tsohon Faransanci, shi kuma daga Latin "pica". Daga baya aka liƙa masa Mag a gaba, wanda gajarta sunan mace ne, Margaret, kamar yadda Turawan Ingila suka saba laƙaba wa tsuntsaye sunayen mutane. Har yau sunansa na kimiyya Pica pica.

Bald kuma tana da tsohuwar ma'ana da ta kusa ɓacewa: mai farin tabo, musamman a ka ko a fuska. Shi ya sa mikiyar da Amurka ke sawa a tambarinta ake ce mata bald eagle, alhali kanta cike yake da gashi, fari ne kawai. Dokin da fari ya mamaye fuskarsa har ya wuce idanu, masu dawaki na ce masa bald-faced. To idan ka haɗa biyun, ma'anar ita ce mai farin faci a kan baƙi irin na wancan tsuntsu. Kalmar ta fara bayyana a rubuce a ƙarshen ƙarni na 16, kuma a tsofaffin littattafai za ka ga an rubuta ta pyebald.

Safiya: Ƙari a kan na Malam. Daga wannan pie ɗin aka samu "pied", wadda ta girmi piebald, kuma ita aka fi ɗora wa tsuntsaye. Hankakanmu mai farin ƙirji da farin wuya, sunansa a Turanci pied crow. Don haka mai neman hoton abin a zuciyarsa ba sai ya je Ingila ba, ya leƙa bayan mahauta. Sai dai ba a ce wa hankaka piebald, domin farinsa tsararre ne, kowane hankaka haka yake. Piebald ta fi zama a kan dabbar da facinta ya bambanta da na 'yar uwarta.

Dokta Hauwa: Kuma sunan Latin ɗin nan ya shigo asibiti ta wata ƙofa. Kwaɗayin cin ƙasa, alli, gawayi ko ƙanƙara da ke kama wasu masu juna biyu da yara, sunansa a likitance pica, saboda an ɗauka tsuntsun ba ya zaɓen abin da zai ci. Sau da yawa yana tafiya da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini. Wannan gefe ne dai, ku ci gaba.

Baba Shamaki: Malam Bala ya yi bayani mai kyau, amma akwai abin da ya rage, kuma a nan masu fassara ke zamewa. A wurin masu dawakin Ingila da Ayalan, kalmar ba ta wuce baƙi da fari. Idan doki fari ne da ja, ko fari da ruwan ƙasa, ko fari da kowane launi da ba baƙi ba, sunansa skewbald. Ita ƙanwa ce, a ƙarni na 17 ta bayyana. Idan jikin ja ne da fari, ga kuma baƙar geza da baƙar wutsiya, sai su ce mai launi uku, tricoloured. Dukkansu a haɗe suna kiransu coloured horses. A takardar shaidar doki ba a wasa da wannan. Ka rubuta piebald a kan jan doki, wanda ya zo dubawa zai ce ba dokin ba ne.

Isyaku: Ranka ya daɗe, to ai na ga Amurkawa suna rubuta piebald deer, barewar kuma ja ce da fari, babu baƙi ko ɗaya. Kenan kuskure suke yi?

Baba Shamaki: Ba kuskure ba ne, yaro, gida ne ya bambanta. Amurkawa ba su cika amfani da kalmar a kan doki ba. Su pinto suke cewa, kalmar Sifaniyanci mai nufin wanda aka shafa wa fenti, kuma ba ruwanta da ko baƙi ne ko ja. Suna da Paint ma, amma wannan sunan jinsi ne mai rajista da asalin jini, ba launi zalla ba. Da yake dokin ya koma pinto, sai piebald ta saki jiki a bakinsu, ta koma kan barewa, kare, maciji, duk abin da ke da farin faci a kan launinsa na asali.

Malam Bala: Haka ne Baba. Kuma masana kimiyya sun bi wannan faffaɗar ma'ana. Don haka Malama Habiba, ki duba wanda ya rubuta takardar. Idan maganar dawaki ce daga Ingila, baƙi da fari. Idan likitan dabbobi ne ko masanin kimiyyar gadon halitta, nufinsa farin faci a kan ko wane launi. A jimlarki ta shanu, ma'ana ta biyu ce ta fi ƙarfi, domin farin wurin ne rana ke ƙonawa, ba ruwanta da launin da ke kewaye.

Dokta Garba: Bari in shigo ta nan, don sanin yadda abin ke faruwa shi zai hana a ɗora kalmar inda ba ta dace ba. Launin fata da gashi wasu ƙwayoyi ne ke yin sa, melanosait. Ba a cikin fata ake fara halittarsu ba. Lokacin da ɗan tayi ke ƙarami a mahaifa, suna fitowa ne daga layin da zai zama gadon baya, sai su bazu zuwa ƙasa ta ɓangarorin biyu suna hayayyafa a hanya. Duk inda ba su kai ba kafin fata ta gama ginuwa, wurin zai zauna babu launi har abada. Shi ya sa farin ya fi zama a wuraren da suka fi nisa da baya: ciki, ƙirji, ƙafafu, ƙarshen wutsiya da goshi. Ku lura da kyanwa baƙa mai farin ƙirji da fararen tafin ƙafa, ko kare mai farin bakin jela. An daɗe ana zaton ƙwayoyin tafiyar hawainiya suke yi, amma binciken da jami'o'in Bath da Edinburgh suka wallafa a 2016 a kan ɓeraye ya nuna cewa matsalar rashin yawan hayayyafa ce, ba su isa su cika fatar ba.

Daga nan gwaji mai sauƙi ya fito. A buɗa gashin farin wurin da yatsa, ko a jiƙa shi da ruwa. Idan fatar ƙasa ruwan hoda ce, piebald ne na gaskiya. Idan fatar baƙa ce gashin ne kawai fari, wani abu ne daban.

Safiya: Dokta, to tumakinmu fa? Uda da gabanta baƙi ko ja, bayanta fari, a wane layi take?

Dokta Garba: Uda tana cikin wannan babi, kuma a rubuce-rubucen kiwo na Turanci an fi ce mata pied, saboda rabon launin a tsare yake, rabi da rabi, kusan kowace haka. 'Yankasa fara ce mai baƙi a kewayen ido, kunne da baki. Balami fari fat. Ita kuwa Bunaji, farar saniyar Fulani mai baƙin kunne da baƙin hanci, kada a kira ta piebald. Farin gashi ne a kan fata mai duhu, wanda shi ne ya sa take jure ranar da ke wahalar da saniyar Turai.

Game da jimlar Malama Habiba, gaskiya ce. Fatar da babu launi ba ta da kariya. Wuraren da suka fi cutuwa su ne hanci, fatar ido, hantsa da gadon baya in fari ne. Akwai kuma wanda ya fi ƙonewar rana muni: dabba ta ci ganyen da ke lalata hanta, irin su lantana, sai wani sinadari ya taru a jini, rana ta taɓa shi ta farar fata. Alamarsa ba ta ɓuya. Farin wurin ya kumbura, ya bushe, ya ɗaye kamar ɓawon itace, baƙin da ke maƙwabtaka da shi kuwa lafiya lau, iyakar ciwon ta bi iyakar launi daidai. Abin yi na farko a shigar da ita inuwa, a bar ta ta yi kiwo da yamma ko da dare, a raba ta da ganyen, sannan a kira likita ya duba hanta. Shanu masu farar fatar ido kuma sun fi kamuwa da sankarar ido, an san irin Hereford da wannan. Duk mai ajiye 'ya'yan Holstein a ƙasa mai zafi, rumfa ba ado ba ce gare shi.

Isyaku: To dokin nan mai zagaye-zagaye a jiki kamar an ɗiga masa ruwa, da ake hawa a sallah, shi ma piebald ne?

Baba Shamaki: A'a, wannan hurde kake nufi, Turawa na ce masa dapple grey. Bambancinsu a fili yake. Shi ana haifarsa da duhu, kowace shekara yana ƙara haske, zagaye-zagayen nan wani mataki ne a hanya, in ya tsufa sai ya koma fari. Fatarsa baƙa ce tun daga farko har ƙarshe. Shi kuwa mai faci, yadda aka haife shi haka zai mutu, facin yana girma ne kawai tare da jiki. Wani abin da ke rikita mai saye: doki na iya gadar duka biyun. Sai baƙin facin ya yi ta dusashewa har ya zama fari gaba ɗaya. Ka yi masa wanka, tsohon zanen zai fito a fata, nan baƙi nan ruwan hoda.

Malam Bala: Tun da an zo nan, bari a rarrabe 'yan uwan kalmar, don Turanci ya tara su da yawa kuma ƙamus na jefa su duka a kwando ɗaya. Speckled ƙananan ɗigo ne masu yawa, na zabo ko ƙwan wasu tsuntsaye. Spotted tabo ne mai iyaka a fili, na damisa ko kura. Mottled launuka ne da suka cakuɗe babu iyaka mai kaifi, ana faɗar ta a kan fatar mara lafiya, ganye mai cuta, ko dutse. Brindled zane-zane ne masu duhu a tsaye a kan ja ko ruwan ƙasa, a kare da sa. Roan kuwa fararen gashi ne suka gauraya da masu launi ɗaya bayan ɗaya, babu faci sam. Dappled ta fi su daɗin baki wurin marubuta, har hasken rana da ke ratsowa ta ganyen bishiya ana ce masa haka. Tana Turanci tun ƙarni na 14, kuma Faransanci da Jamusanci duka suna kiran hurde da kalmar da ke nufin tuffa, saboda zagayen. A ganina mai fassara ya tambayi kansa abu uku kafin ya zaɓa: girman tabon, kaifin iyakarsa, da ko da shi aka haifi dabbar.

Dokta Garba: Akwai inda rikita kalmomin nan ke jawo asara ta gaske, ba ta fassara kawai ba. A dawaki, farin faci ba iri ɗaya ba ne a gado. Wanda ya fi yawa shi ne tobiano, sunan da ya samo asali daga wani hafsan sojan Brazil na ƙarni na 19, Rafael Tobias de Aguiar. Alamarsa: farin yana haye gadon baya, ƙafafu farare, kai mai duhu, gefen facin a zagaye. Wannan gado ne mai rinjaye, kwafi ɗaya na ƙwayar gadon, daga uwa ko uba, ya isa ya bayyana. Ingarma mai kwafi ɗaya da goɗiya marar faci, rabin 'ya'yan ake sa ran za su yi faci. Mai kwafi biyu kuwa duk 'ya'yansa. Babu cuta a ciki.

Na biyu shi ne frame overo. Farin yana zaune a gefen ciki da wuya, ba ya haye baya, gefensa a yage, fuska fara sosai, sau da yawa da shuɗin ido. Kwafi ɗaya lafiya lau. Amma a haɗa biyu masu ɗauke da shi, ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan zai gaji kwafi biyu. A haife shi fari fat, kyakkyawa, ya miƙe ya sha nono, amma ba zai yi kashin farko ba, cikin yini ɗaya ciwon ciki ya kama shi, ya mutu cikin 'yan kwanaki. Dalili shi ne jijiyoyin da ke motsa hanji daga wuri ɗaya suke fitowa da ƙwayoyin launi, abin da ya hana waɗannan isa fata shi ya hana waɗancan isa hanji. Babu magani. Kuma ido ba ya isa, don wani dokin na ɗauke da shi ba tare da farin kirki a jiki ba. Gwajin gado ake yi: a tumɓuke gashi 20 zuwa 30 daga geza ko wutsiya tare da saiwarsu, ba a yanke da almakashi ba, domin a saiwar abin gwajin yake, a sa a busasshen ambulan a aika ɗakin gwaji.

Safiya: A karnuka ma akwai irin wannan tarko. A jinsin dachshund, piebald da dapple abu biyu ne daban, ƙwayoyin gadonsu ma daban. Haɗa dapple biyu na haifar da 'yan kwikwiyo makafi ko kurame. Shi kuma farin da ya yi yawa a kai, ko da ta hanyar piebald ne, yana tafiya da kurumta, saboda can cikin kunne ma ana buƙatar ƙwayoyin launin nan kafin ji ya yi aiki. Karen Dalmatian shi ne sanannen misali. Fari fat ake haifarsa, ɗigon sai bayan kwana goma zuwa mako biyu suke fara fitowa, kuma kurumtar kunne ɗaya ko biyu ta yi yawa a jinsin.

Isyaku: Macijin da Baba ya ambata fa?

Safiya: Wata ƙaramar mesa ce ta Afirka ta Yamma da ke dunƙulewa in ta tsorata, ball python, wadda ake fitarwa da yawa daga Gana, Togo da Benin zuwa masu kiwonta a Turai da Amurka. Mai farin faci a cikinsu suna kiranta pied a taƙaice. A wurinta gadon ɓoyayye ne, sai uwa da uba duka sun ba da shi. Biyu masu ɗauke da shi a ɓoye, ɗaya cikin huɗu na ƙwai ne zai fito da fari.

Habiba: Na gode ƙwarai, na ƙaru. Tambaya ta ƙarshe: ana faɗar ta a kan mutum?

Dokta Hauwa: A nan a yi hattara, 'yar uwa. A likitance akwai piebaldism, kuma sunan halin ne, ba a kiran mutumin da shi. Ana haifar yaro da farin gashi a tsakiyar goshi, mafi yawansu suna da wannan, da fararen faci a goshi, ƙirji, ciki da tsakiyar hannu da ƙafa, galibi baya da tafin hannu ba su taɓuwa. Cikin farin kan ga ƙananan tsibirai masu launi. Daga ƙwayar gado mai suna KIT yake, mai rinjaye ne, mai shi na da damar rabi da rabi ya ba kowane ɗa. Ba ya yaɗuwa a jiki, ba ya kama wani, ba ya taɓa lafiya ko basira.

A bambanta shi da abu uku. Zabiya na da ƙwayoyin launin, sinadarin ne ba sa iya haɗawa, don haka jiki duka ne da idanu. Vitiligo daga baya yake zuwa, garkuwar jiki ce ke kashe ƙwayoyin, yakan fara a yatsu, kewayen baki da ido, kuma yana iya ƙaruwa. Tabon kuturta kuwa ba ya yin fari fat, kuma wurin ba ya jin taɓi, wanda shi ne abin da ake gwadawa da auduga. Jaririn da aka haifa da farin gashin goshi, abin da ya kamata a yi masa shi ne gwajin ji, musamman in idanunsa launi biyu ne, don akwai ciwon Waardenburg da ke kama da wannan amma yana iya zuwa da kurumta. Sauran kulawa kare farin wurin daga rana ne, da tufafi da man kariya.

Dalilin da ya sa kiran mutum piebald ke da ɗaci yana cikin tarihi. An yi zamanin da ake yawo da baƙaƙen fata masu wannan hali ana nuna su don kuɗi. George Alexander Gratton, wanda aka haifa cikin bauta a tsibirin St Vincent a 1808, an kawo shi Ingila yana jariri ana baje shi a wuraren wasa, ya rasu a 1813, kabarinsa na garin Marlow.

Malam Bala: Akwai kuma amfani na habaici, wanda yau ya yi ƙaranci amma za ki iya cin karo da shi a tsohon rubutu. Ana ce wa abu piebald idan haɗe-haɗe ne marar tsari, kuma kusan kullum da raini ake faɗa. Mawaƙin Ingila Samuel Butler ya yi amfani da ita a 1663 yana yi wa wani ba'a saboda Turancinsa da ya cusa wa Girkanci da Latin. Da yana raye da Ingausarmu ta sha irin wannan suna. A irin wannan wuri kada ki kawo launi sam, ki ce gauraye ko haɗin gambiza.

Jimlarki kuwa ga yadda zan sa ta: shanu masu dabbare-dabbaren fari a jiki sun fi saurin ƙonewar rana a wuraren da ke da farin.

Dokta Garba: Malam, a ƙara "inda fatar ƙasa ba ta da launi", don kada mai Bunaji ya karanta ya ɗauka da shi ake.

Habiba: An ƙara, Dokta. Allah ya saka da alheri.